Joshua Slocum: Kyaftin Ɗin Da Injin Tururi Ya Raba Da Sana'arsa

A ƙarshen ƙarni na 19, jiragen ruwa masu injin tururi suka ƙwace safarar kaya a teku, suka bar gwanayen jiragen da iska ke turawa ba aikin yi. Cikinsu har da Kyaftin Joshua Slocum, haifaffen Nova Scotia ta ƙasar Kanada. Yana cikin wannan hali wani abokinsa ya ba shi kyautar wani tsohon ƙaramin jirgi mai suna Spray, wanda aka yasar a fili yana ruɓewa. Wata 13 ya yi yana sake gina shi da hannunsa.

Ranar 24 ga Afrilu, 1895, ya tashi daga Boston ta Amurka shi kaɗai, cikin jirgin da tsawonsa bai wuce mita 11 da 'yan kai ba. Ya ratsa mashigin Magellan, ya biya ta Ostareliya da Afirka ta Kudu, inda Shugaba Paul Kruger ya musanta cewa zagaya duniya yake yi, domin a wurinsa duniya shimfiɗaɗɗiya ce. Ranar 27 ga Yuni, 1898, ya iso Newport bayan tafiyar mil 46,000, ya zama mutum na farko da ya kewaye duniya ta ruwa shi kaɗai.

Littafinsa na 1900, Sailing Alone Around the World, ya nuna wa masu ƙaramin ƙarfi cewa teku ba ta manyan kamfanoni ba ce kawai. Sana'ar da kasuwa ta yi watsi da ita sai ta dawo abin sha'awa. Shi kuwa Slocum, wanda bai taɓa koyon iyo ba, daga baya ya sake fita da Spray, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.