Kava: Saiwar da Ake Naɗa Sarki da Ita

A tsibiran Fiji baƙo ba ya shiga ƙauye hannu rabbana. Sai ya riƙo ƙunshin busasshiyar saiwar kava ya miƙa wa mai gari. In an karɓa, ya samu masauki. Matsayinta a can ya yi kusa da na goro a wurinmu, sai dai ita sha ake yi.

Kava 'yar dangin masoro ce, amma tana da wani hali: ba ta yin iri. Sai an yanki karanta an dasa. Don haka duk inda aka gan ta, daga Samowa har Hawai, to wani ne ya ɗauko ta a kwalekwale ya ratsa teku da ita. Masana sun fi karkata ga cewa a arewacin Vanuatu aka fara nomanta, kimanin shekaru 3,000 da suka wuce.

Akan daka saiwar, a jiƙa, a tace cikin wani akushi mai ƙafafu da ake kira tanoa. Ruwan kalar laka gare shi, ga ɗaci, yana taɓa harshe ya kashe shi. Babu barasa a ciki. Jiki ne ke saki, murya ta yi ƙasa. Mai sha zai tafa sau ɗaya, ya karɓi ƙoƙon kwakwa, ya shanye a tashi guda. Wanda aka fara miƙa wa shi ne babba, kuma a nan siyasar take. A Tonga sarauta ba ta cika sai sabon sarki ya sha a gaban hakimansa. An ba Sarauniya Elizabeth ta Ingila kava a Fiji a 1953.

A da matasa ne ke tauna saiwar kafin a jiƙa, abin da ya tayar wa Turawan jirgin Kyaftin Cook hankali a shekarun 1770. 'Yan mishan suka yaƙe ta a Vanuatu, amma bayan samun 'yancin ƙasar a 1980 ta dawo da ƙarfinta.

Masu magani na ba da ita ga rashin barci da ciwon jiki. Wanda ya zarce kuwa fatarsa kan bushe ta yi saɓa.

A 2002 Jamus ta haramta magungunan kava bisa zargin cutar da hanta, kasuwar manoman tsibiran ta karye. Sai a 2014 wata kotun Jamus ɗin ta soke haramcin, ta ce hujjar ba ta isa ba.