Ƙafa Ce Ma'aunin Takalmi

Yau ƙasa za mu duba, can inda muke takawa, wato tafin takalmi.

Kada wani ya raina batun. Wani malamin likitanci ɗan ƙasar Holan, Petrus Camper, ya taɓa jin ɗalibansa suna kukan cewa magabata sun cinye duk abin da za a yi rubutu a kai. Sai ya ce musu ko takalmi ma ya ishi mai ilimi rubutu. Suka ce ya gwada su gani. A 1781 ya fitar da maƙalarsa, inda ya yi mamakin yadda mutane ke kula da kofaton dawakinsu fiye da ƙafafunsu. Ya nuna cewa ƙafa tana ƙara tsawo idan aka taka ta, kuma ƙirar takalmi ɗaya ba za ta dace da dama da hagu ba. Me ya sa sai da malami ya rubuta abin da yaro ma ya sani? Amsar tana cikin tarihi.

Da farko ƙafa ce ke ba da umarni. Takalman da aka tono a kogon Fort Rock na jihar Oregon ta Amurka a 1938 sun haura shekara 9,000, kuma da ɓawon wani tsiro aka saƙa su, shimfiɗaɗɗu daidai tafin ƙafa. Wanda aka samu a wani kogo a Armeniya a 2008 ya kai shekara 5,500. Fatar saniya ce guda ɗaya aka naɗe ƙafar dama da ita, aka ɗaure da tsirkiya. Aikinsu kare ƙafa daga ƙaya da dutse da sanyi. Ba su hana yatsu bajewa ba.

Mu ma muna da namu kason. Leo Africanus, a littafinsa na ƙarni na 16, ya ambaci dukawan Gobir masu yin takalma irin na Rumawan da, waɗanda ake kai su Tumbutu da Gao. Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya lissafa takalman fata cikin manyan hajojin da birnin ke fitarwa zuwa ƙasashe masu nisa. Takalmin baduku shimfiɗaɗɗe ne, gabansa a buɗe, kuma fatar kan bi siffar ƙafar mai ita bayan 'yan kwanaki.

Inda aka fara samun matsala shi ne lokacin da dunduniya mai tsayi ta shiga Turai. Asalinta na mahayan Farisa ne, domin ta riƙe musu ƙafa a cikin likkafa idan sun miƙe za su yi harbi. Wajen 1600 manyan Turawa suka ɗauke ta a matsayin ado, maza kafin mata. Abin da aka ƙera domin hawa sai ya koma na tafiya. Sassaƙa ƙafar katakon da ake ɗinka irin wannan takalmi a kanta yana da wuya da tsada, balle a yi biyu, ta dama da ta hagu. Sai masu sana'ar suka rage wa kansu aiki, suka riƙa yin guda ɗaya miƙaƙƙiya. Sama da shekara 200 yawancin takalman Turai ba su da dama ba su da hagu. Mai takalmi kan sauya musu ƙafa don kada su cinye ta gefe ɗaya. Wannan yanayin Camper ya tarar.

Maganarsa ba ta sauya kasuwa nan take ba. Sai a 1858 wani farfesan ilimin sassan jiki a Zurich, Hermann von Meyer, ya fitar da ɗan littafi kan siffar da ta dace da takalmi, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1860. Hujjarsa mai sauƙi ce. A lafiyayyar ƙafa, idan aka ja layi daga tsakiyar diddige, zai bi ta tsakiyar babban yatsa ya fita. A kan wannan yatsan jiki ke dogara ya tura kansa gaba a ƙarshen kowane taku. Takalmi mai tsinin baki kuwa yana tura shi ya kwanta kan 'yan uwansa, har gaɓarsa ta kumburo waje. Don haka Meyer ya ce a yanka tafin takalmi bisa wannan layi, gefensa na ciki ya miƙe. Har yau ana kiran layin da sunansa.

Waɗanda suka fi saurin sauraro su ne sojoji, domin sojan da ƙafarsa ta sule ba ya kai wa fagen daga. A Amurka, likitan soja Edward Munson da kwamitinsa sun shafe shekara huɗu suna nazarin ƙafafun sojoji kimanin 2,000, har da ɗaukar hoton ƙashi. A 1912 rundunar ta karɓi ƙirarsa mai faɗin gaba, mai kama diddige. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai da ciwon ƙafa ya zama asarar gwamnati kafin aka saurare shi.

Da aka daidaita siffa, sai hankali ya koma kan abin da ake yin tafin da shi. A 1935 masu hawan dutse shida suka mutu a tsaunukan Alps, aka ɗora wani ɓangare na laifin kan takalmansu. Abokinsu Vitale Bramani ya ƙera tafin roba mai haƙora a 1937, wanda ya zama tushen kamfanin Vibram. A farkon shekarun 1970 kuma kocin gudu Bill Bowerman, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Nike, ya zuba roba a cikin ƙarfen gasa waina irin ta Turawa da matarsa ke amfani da shi, ya fito da tafi marar nauyi mai kama ƙasa. Daga nan tafin takalmin gudu ya yi ta ƙara kauri da laushi, musamman a dunduniya.

Nan ma tambaya ta taso: shin katifar nan taimakon ƙafa take yi ko sangarta ta? Mutane ba su manta da Abebe Bikila na Habasha ba, wanda ya lashe gudun dogon zango na gasar Olamfik a Rum a 1960 ba takalmi. A 1992 wasu likitoci biyu a Indiya suka duba yara 2,300, suka samu shafaffen tafin ƙafa a kashi 8.6 cikin ɗari na masu sa takalmi, da kashi 2.8 kacal na masu yawo ba takalmi. A 2010 Daniel Lieberman na jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka nuna cewa waɗanda suka saba gudu ba takalmi, kamar wasu 'yan Kenya da suka nazarta, sukan dira da gaban ƙafa ko tsakiyarta, abin da ke rage bugun farko da jiki ke sha.

Sai kasuwa ta sake yin gaggawa. Aka cika kantuna da takalma masu siririn tafi, har da na Vibram mai gidan kowane yatsa. Mutanen da suka shekara talatin a kan katifa suka koma gudu a kansu dare ɗaya, wasu suka ji rauni a ƙasusuwan ƙafa. A 2014 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 3.75 don sasanta ƙarar da aka shigar kan iƙirarin lafiya da ya yi a tallansa, ko da yake bai amsa laifi ba. Shi kansa Bikila da takalmi ya sake lashe gasar a Tokyo a 1964.

Abin da tarihin nan ya bar mana shi ne, duk lokacin da ado ko araha ko talla suka zama ma'auni, ƙafa ce ke biya. Tana da ƙashi 26, kuma na yaro bai gama ƙwari ba, don haka duk siffar da aka matse shi a ciki yana iya girma da ita. Wannan ba kira ba ne a zubar da takalmi. Akwai ƙaya da ƙusa da kunama, akwai tsutsar da ke shiga ta fata, kuma mai ciwon suga bai kamata ya taka ƙasa ba takalmi ba.

Ga gwajin da Meyer zai yarda da shi. A sa yaro ya tsaya a kan takarda, a zana ƙafarsa, sannan a ɗora takalminsa a kan zanen. Idan yatsu sun leƙo ta gefe, takalmin ya yi kaɗan ko da lambarsa ta yi daidai. A lanƙwasa tafin a gani ko yana lanƙwasuwa a gindin yatsu, inda ƙafa ke lanƙwasuwa. A bar tazarar faɗin babban yatsan hannu a gaba. Kafin mu saya wa ƙannenmu takalmin makaranta na zango mai zuwa, mu fara neman takarda da biro.

Sai mun ji ra'ayoyinku. Mu haɗu a mako mai zuwa.