Aljanu da Asiri a Adabinmu na Farko: Waiwaye Daga Zariya

Duk wanda ya karanta littattafan ƙagaggun labarai na farko da aka buga cikin Hausar boko zai lura cewa da wuya a gama littafi guda ba a haɗu da aljani, ko boka, ko mafarki mai faɗin abin da zai auku ba. Waɗansu matasan marubuta kan ɗauki wannan a matsayin lasisin zuba aljanu a duk inda labari ya cije musu. Waɗansu kuwa kan ce ai wannan duk tatsuniya ce, ba ta dace da adabin zamani ba. A ganinmu ɓangarorin biyu suna bukatar sake duba littattafan, domin magabatan nan ba su sa gaibu cikin labari ba sai sun tanadar masa aikin yi.

Tarihin ya faro ne daga Hukumar Fassara, wadda aka kafa cikin 1929, aka dawo da ita Zariya cikin 1931, daga baya aka sake mata suna zuwa Hukumar Talifi. Cikin 1933 shugabanta, Rupert East, ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su ƙaga labarai don gasa. East da kansa ya rubuta cewa ya sha wahala, domin malaman lokacin suna ganin ƙirƙirar labari aikin mata ne da yara. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Da aka kafa Kamfanin Gaskiya a nan Tudun Wada cikin 1945, sai unguwarmu ta zama cibiyar buga littattafan Hausa da raba su ga makarantun Arewa.

Rijiyoyi uku ne marubutan nan suke iya ɗiba. Akwai tatsuniya da Gizonta da Dodonta. Akwai bori da iskokinsa na birnin Jangare, irin su Inna da Ɗangaladima da Sarkin Rafi. Sannan akwai littattafan Larabci, musamman Dare Dubu da Ɗaya. Abin lura shi ne, sun fi karkata ga ta ukun. Dalilin bai ɓuya ba: Imam da Bello Kagara 'ya'yan gidan malanta ne, uba ɗaya, kuma tun zamanin jihadin 1804 malamai ke yaƙi da bori, har Nana Asma'u ta yi rubutu tana hani da shi. Aljani kuwa Alƙur'ani ya tabbatar da samuwarsa, saboda haka ɗan malam na iya sa shi cikin labari ba tare da an zarge shi da ɗaukaka tsafi ba.

Mu ɗauki Ganɗoki. Kashin farko na littafin tarihi ne tsantsa: yaƙe-yaƙen da aka yi da Turawa lokacin da suka ci ƙasar nan a farkon ƙarni na ashirin. A wannan fage jarumtakar Ganɗoki ba ta hana bindiga mai ruwa cin nasara ba. Daga nan ne labarin ya ɗauke shi da ɗansa Garba Gagare zuwa ƙasashen gabas, inda suke gwabzawa da aljanu da sarakunan kafirai suna cin galaba. Wato nasarar da tarihi ya hana mayaƙin, duniyar aljanu ta ba shi. Mu tuna cewa littafin ya fito ne cikin 1934, a ƙarƙashin hukumar Turawan mulkin mallaka, shekara talatin da ɗaya kacal bayan yaƙin Burmi na 1903. Marubucin da ke son ya nuna cewa takobin kakanninsa yana da daraja, ba shi da filin da ya fi wannan aminci.

A Ruwan Bagaja kuwa tsarin daban ne. Yawancin tafiyar Alhaji Imam wayo ne da dabara da ramuwar gayya tsakaninsa da Malam Zurƙe, duk a cikin kasuwanni da fadoji da gidajen alƙalai irin waɗanda mai karatu ya sani. Sai can kusa da ƙarshe, bayan ya sha wuya shekara da shekaru, aljanu suka shigo suka taimaka masa ya kai ga ruwan. Imam ya bari sai da dabarar ɗan'adam ta kai iyakarta tukuna, don haka mai karatu ba ya jin an cuce shi.

Jiki Magayi shi ne ya fi kowanne nauyi a wannan fanni. Attajiri Malam Shehu ya raba Abubakar da masoyiyarsa Zainabu, Abubakar kuwa ya bazama neman asirin da zai lalata ɗan da za su haifa. Asiri ya ci, Kyauta ya tashi ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa bai sani ba. To amma idan muka cire asirin, za mu ga labarin bai rushe ba, domin kwaɗayin mai kuɗi da ƙullatar wanda aka zalunta su ne ainihin masu tuƙa shi. Asirin ya zama hanyar nuna yadda ƙiyayya ke tsallake wanda aka nufa ta faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Shi kuwa Shaihu Umar babu aljani a cikinsa, sai mafarki da tsarin Allah da ke kuɓutar da yaro daga hannun ɓarayin mutane da halakar hamada.

Idan muka juya ga rubutaccen wasan kwaikwayo, sai mu tarar da wani abin mamaki. Al'ummar da ke da bori, inda mai hawa ke sauya murya da tufafi da tafiya gwargwadon iskan da ya hau shi, ita ce rubutattun wasanninta suka kusan kauce wa iskoki baki ɗaya. Wasan Marafa na Abubakar Tunau wayar da kai ne, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi sukar halayen zamani ne, Uwar Gulma na Mohammed Sada kuwa rikicin aure ne. An rubuta irin waɗannan ne don 'yan makaranta da gidan rediyo da gyaran hali, kuma karanta labarin aljani a takarda daban yake da ɗora wa ɗan Musulmi rigar iska a gaban iyaye da hukuma.

Sauran al'ummu ma sun yi fama da wannan tambaya. A wasan Macbeth na Shakespeare mayu uku sun yi wa jarumin albishir da sarauta, amma shi da matarsa ne suka ƙulla kashe Sarki Duncan. A Hamlet fatalwar uba ta tona asirin kisa, ta bar wa ɗan nauyin yanke shawara. Tun a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, Aristotle ya soki marubutan Girka masu sauko da abin bauta daga sama don ya warware musu ƙullin wasa, ya ce warwara ta fito daga cikin labarin kansa. Magabatanmu na Zariya sun bi wannan ƙa'ida, domin mai ba da tatsuniya ma ya san yara kan yi gunaguni in Dodo ya mutu ba dalili.

Daga shekarun 1980 zuwa yau littattafan soyayya da na yaƙi da finafinan Hausa sun cika da bokaye da aljanu, har ya zamana kishiya ba ta iya mugunta sai ta je tsauni. Illar wannan ita ce tana sauke wa ɗan'adam alhakin aikinsa, ta koya wa mai karatu cewa duk mijin da ya wulaƙanta matarsa sammu aka yi masa. Saboda haka muna ba 'yan'uwa marubuta shawara, kafin su shigo da aljani ko boka cikin labari, su cire shi tukuna su sake karantawa. In sun ga mutanen labarin suna da dalilan kansu na yin abin da suka yi, to gaibun zai ƙara wa aikin armashi kamar yadda ya yi wa Jiki Magayi. In kuwa labarin ya watse, to sai a koma a sake gina mutanen.