Tallafi Ko Kyauta? Tarihin Harajin Manoma A Amurka

Da na fara jin cewa manomin Amurka yakan biya haraji a kan kuɗin da gwamnati ta tallafa masa da su, sai na ce wannan ai ba da hannun dama ne a karɓe da na hagu. Amma da na bi diddigin al'amarin, sai ra'ayina ya sake.

Tun 1913 aka gyara tsarin mulkin ƙasar don gwamnatin tarayya ta sami ikon karɓar harajin kuɗin shiga. Tallafi kuwa sai 1933 ya kankama, lokacin da farashin amfanin gona ya faɗi warwas. Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta ce a biya manomi ya rage noma, don kaya su yi daraja. A shekarar nan aka nome gonakin auduga wajen eka miliyan 10 bayan shuka ta fito. A 1936 Kotun Ƙoli ta rushe dokar, sai majalisa ta sake wata, aka ci gaba da biya da sunan kiyaye ƙarfin ƙasa.

To, a nan gardama ta taso. Wani kamfanin kiwon shanu na jihar Arizona, mai suna Baboquivari, ya ce kuɗin nan kyauta ce, kyauta kuwa ba a ɗora wa wanda ya karɓa harajin kuɗin shiga. A 1943 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi yarda, domin ba haka kawai aka ba shi ba, sai da ya cika sharuɗɗan da gwamnati ta gindaya. Watau lada ne, kamar kuɗin da ya samu a kasuwa.

A kan wannan ƙa'ida ake har yanzu. Ma'aikatar gona takan aika wa manomi takarda mai lamba 1099-G, ta aika wa hukumar haraji irinta. Shi kuma ya shigar da adadin a takardar harajin gona da ake kira Schedule F, inda aka ware gurbi biyu: jimlar abin da ya karɓa, da kason da haraji ya hau. Adadin biyu kan iya bambanta, misali tun 1978 aka yi dokar da ta yafe wani ɓangare na tallafin ayyukan kare ƙasa da ruwa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne rubutun kansa. A shekarun farko, masu manyan gonakin auduga na kudu da yawa sun danne rabon talakawan da ke yi musu noman raba-daidai, har suka kore su. Takarda ba ta hana zalunci, amma kuɗin da aka rubuta sunan wanda ya karɓa ana iya bin sawunsa. Mu da muka tashi muna jin labarin takin gwamnati mai ɓacewa tsakanin sito da gona, ya kamata mu yi wa wannan tunani.