Daga Larabcin Zango zuwa harshen Shinuwa: wa ke riƙe da bakin ciniki a Damagaram?

Kwanakin nan, da an fidda sakamakon BAK sai ka ji iyaye na tambaya: yaron nan da ke son tafiya ƙasar Sin karatun kasuwanci, har ya ɓata shekara guda cur wajen koyon harshensu, anya ba asara ba ce? Kafin mu yanke hukunci, bari mu waiwayi tarihin garinmu, don Damagaram ta taɓa ganin irin wannan lamari har sau biyu.

A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya riƙe sarauta daga 1851 zuwa 1884, Zinder babbar tashar ayari ce. Raƙuma kan taso daga Tarabulus a bakin tekun Bahar Rum, su bi ta Gadamus da Gat da Abzin, su sauka nan kafin su wuce Kano. Suna kawo yadi da takarda da bindigogi da turare. Suna komawa da gashin jimina da hauren giwa da fatu, da kuma bayi, abin da bai kamata mu ɓoye ba idan muna faɗin tarihi. Birni na sarki ne da fadawa cikin ganuwa, Zango kuwa masaukin fatake ne, inda Larabawa da Buzaye suka kafa gidaje.

To wa ya ci ribar wannan hanya cikin ƴan ƙasa? Wanda ya iya mu'amala da mutanen ɗaya bakin hanyar. Cinikin Sahara na bashi ne da amana. Attajirin Tarabulus zai ba da kaya yau, sai bayan watanni masu yawa a biya shi, kuma abin da ke riƙe da wannan amana wasiƙa ce da lissafi cikin Larabci. Shi ya sa har gobe ake ambaton Malam Yaro na Zango, babban attajirin Zinder na ƙarshen ƙarni na 19, wanda huldarsa ta kai har Tarabulus. Malami ne kuma ɗan kasuwa, ya haɗa alƙalami da jari.

Akwai wani ɗan ƙasar nan da ya kamata ɗalibanmu su san labarinsa, wato Dorugu. An haife shi wajen Kance, aka kama shi bawa yana yaro, daga baya ya samu ƴanci, ya bi Bajamushen nan Heinrich Barth har Ingila a 1855. Can ya koyi Ingilishi, ya kuma zauna da wani mai wa'azin Kirista, Schön, yana ba shi labarai da Hausa. Daga bakinsa aka samu babban kaso na littafin Magana Hausa da aka buga a 1885. Da ya dawo, tafinta ya yi wa Turawa, a ƙarshe ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Dorugu ya bar wa Hausa gado mai daraja. Amma ku lura, harshen da ya koyo ya ba shi aiki ne a hannun wasu, bai mai da shi mai gidan kansa ba.

Sai hanya ta sāke. Faransawa suka ci Damagaram a 1899 bayan yaƙin Tirmini. A 1911 suka mai da Zinder babban birnin yankin mulkin soja na Nijar, amma a wannan shekarar dogo ya iso Kano, Italiya kuma ta afka wa Tarabulus. Kayan da raƙumi ke ɗauka wata da watanni sai jirgin ƙasa ya riƙa kawo su daga Ikko cikin kwanaki. Ayari ya mutu, gyaɗa ta zama sarauniyar kasuwa, manyan kantuna suka koma hannun kamfanonin Turawa. A 1926 aka ɗauke hedkwata zuwa Yamai. Harshen ciniki da na ofis ya zama Faransanci. Iyaye da yawa suka ƙi lakwal, kuma suna da dalilinsu. Ƴan kaɗan da suka shiga, an horar da su ne su zama komi da tafinta. Suna rubuta lissafi, amma dukiyar ta wani ce.

Shekara ɗari cif bayan 1911, ranar 28 ga Nuwamban 2011, aka buɗe matatar mai ta SORAZ a arewa da Zinder, kan hanyar Tanut. An gina ta don tace ganga 20,000 a rana daga man Agadem. Kamfanin CNPC na Sin ke da kashi 60 cikin ɗari, gwamnatin Nijar kashi 40. Dangantakar ƙasashen biyu ta faro ne tun 1974, ta yanke a 1992 lokacin da Nijar ta amince da Taiwan, aka sake ƙulla ta a 1996. Daga baya aka shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin. A Afrilun 2024 gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC a kan za a biya da ɗanyen mai. A Maris na 2025 kuma hukumomi suka sallami wasu manyan jami'ai uku ƴan Sin na kamfanonin mai, kuma cikin dalilan da aka bayar har da tazarar albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa.

Ku bar maganar mai ma, ku shiga kasuwar Dole. Salula, babur, fitila mai aiki da rana, faranti, takalmi, daga ina? Guangzhou da Yiwu su ne Tarabulus ɗin yau. Alhazanmu na zuwa can da jarinsu, amma da yawa sai da tafinta. Wanda kuwa bai ji abin da ake faɗa a gabansa ba, bai san ko an ɗora wa farashi la'ada ba, bai san ingancin kayan da aka rubuta a takarda ba sai kwantena ta iso.

Su mutanen Sin sun daɗe da gane wannan. Gidan rediyonsu ya buɗe sashen Hausa tun 1963, kuma ana koyar da Hausa a jami'ar koyon harsunan waje ta Beijing. Sun riga mu zuwa bakinmu.

Shin harshen na koyuwa? Yana koyuwa. Mandarin, wato daidaitaccen Sinanci, yana da karin sauti huɗu: gaɓar "ma" kaɗai na iya nufin uwa, ko rama, ko doki, ko faɗa, gwargwadon yadda ka ɗaga murya ko ka sauke ta. Wannan na wahalar da Bafaranshe, amma Bahaushe da ke bambanta kukan yaro da miyar kuka ya riga ya saba. Wahalar gaske tana wajen rubutu, don babu abajada, kowace alama haddace ta ake yi. Jarrabawar da ake auna baƙi da ita sunanta HSK. A tsarin da aka daɗe ana bi, mataki na 4 na neman kalmomi wajen 1,200, na 5 kuma 2,500. Shi ya sa mai burs ɗin gwamnatin Sin da zai yi karatu cikin Sinanci kan fara da shekarar harshe. Wasu jami'o'in na koyar da kasuwanci da Ingilishi, kuma ɗan lise na iya ganin nan ne sauƙi. Sai dai wanda ya dawo daga Sin bai iya Sinanci ba, ya je bakin rijiya ya dawo da guga babu ruwa.

Saboda haka amsata ga iyaye ita ce, shekarar harshe ba asara ba ce. Asarar ita ce yaro ya tsaya a harshen kaɗai. Wanda ya iya magana kawai, aikin fassara zai samu, a biya shi a ƙarshen wata. Wanda ya haɗa da lissafin kuɗi, da dokar kwangila, da sha'anin duwan da sufurin jiragen ruwa, shi ne zai zauna a teburin da ake rattaba hannu, ya karanta shafi na ashirin na yarjejeniya, ya ce wannan layin bai dace da mu ba.

Ku ƙannena da ke can yanzu, ku fita daga ɗakin kwanan ƴan Afirka ku shiga kasuwa da masana'anta, ku koyi Sinancin rasit da na kwangila. Ku kuma attajiranmu, ɗaukar nauyin yaro ɗaya daga unguwarku ya fi la'adar da kuke biya kowace tafiya araha. Jami'ar André Salifou da ke nan Zinder, mai ɗauke da sunan masanin da ya rubuta tarihin Damagaram, ita ma ta duba yadda za a fara koyon harshen tun daga gida.

Allah ya ba ɗalibanmu sa'a, ya dawo mana da su lafiya. Wanda ke da ɗa ko ƙane a can, ya faɗa mana garin da yake da abin da yake karantawa, za mu taɓo batun cikin shiri mai zuwa in sha Allahu.