Jirgin Haramaini: Tarihin Dogo Tsakanin Makka da Madina

Kalmar Haramaini Balarabiya ce, ma'anarta harami biyu, wato na Makka da na Madina. Da ita aka raɗa wa jirgin ƙasa mai tsananin gudu da ke zirga-zirga tsakanin biranen biyu suna. Sarki Salman na Saudiyya ya ƙaddamar da shi ranar 25 ga Satumba, 2018, ya kuma fara ɗaukar fasinja ranar 11 ga Oktoba. Sai dai burin haɗa Makka da Madina da layin dogo ya girmi jirgin da fiye da shekara 100.

A shekarar 1900 Sarkin Musulmi na Daular Usmaniyya, Abdulhamid na Biyu, ya ba da umarnin shimfiɗa dogo daga birnin Dimashƙa na ƙasar Sham zuwa Hijaz. Musulmi daga ƙasashe dabam-dabam suka ba da gudummawar kuɗi. A 1908 dogon ya isa Madina, bayan ya ratsa kimanin kilomita 1,300, tafiyar da ayarin raƙuma ke yi cikin kwana 40 ta koma ta 'yan kwanaki. Niyyar ita ce a zarce har Makka, amma a Madina aikin ya tsaya.

Dalilan tsayawar na siyasa ne da na neman abinci. Ƙabilun Larabawan ƙauye, waɗanda ke rayuwa da hayar raƙuma da rakiyar alhazai, sun ga dogo zai toshe musu hanyar samu. Sharif Husaini na Makka kuwa ya fahimci cewa jirgin da ke kawo alhaji zai iya kawo sojan Turkiyya, ikonsa ya ragu. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Larabawa suka yi wa Turkawa tawaye a 1916, suka yi ta fasa dogon da nakiya tare da taimakon Ingila. Sashen kudu na layin bai sake tashi ba. Alhazai suka ci gaba da bin raƙuma tsakanin biranen biyu, daga baya motoci suka gaje su.

Sai a 2009 gwamnatin Saudiyya ta ba da kwangilar share hanya da gina gadoji na sabon layi, kamfanonin gida da na Sin suka kama aiki. A 2011 haɗakar kamfanonin Sifaniya da na Saudiyya ta samu kwangilar shimfiɗa ƙarfe da wutar lantarki da samar da jirage, a kan kuɗi kimanin Yuro biliyan 6.7. Kamfanin Talgo ya ƙera jirage 35, kowanne da kujeru 417. Layin yana da tsawon kusan kilomita 450 da tashoshi biyar: Makka, Jidda, filin jirgin saman Jidda, Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullahi kusa da Rabig, sai Madina. Jirgin yana gudun kilomita 300 a awa, yana cinye nisan cikin awa biyu da 'yan mintoci. Zafi da rairayin da iska ke watsowa kan dogo sun wahalar da injiniyoyi. Bayan buɗewa ma, gobara ta cinye sashen tashar Jidda a Satumbar 2019, annobar korona kuma ta tsayar da zirga-zirga daga Maris 2020 har shekara guda.

Wannan tarihi ba baƙo ba ne ga mutanen Kaladan da sauran unguwannin Tamale. Turawan mulkin mallaka sun kai dogo daga Sekondi zuwa Kumasi a 1903, don fitar da zinariya, daga baya da koko. Gwamna Guggisberg ya yi shirin zarcewa da shi arewa a shekarun 1920, shirin bai tabbata ba, kuma har yau jirgin ƙasa bai taɓa shiga Tamale ba. Tun 2016 alhazan arewacin Ghana ke tashi kai tsaye daga filin jirgin saman Tamale zuwa ƙasa mai tsarki, saboda haka akwai cikinsu waɗanda a can suka fara ganin tashar jirgin ƙasa mai aiki. Madina ta jira shekara 110 kafin dogo ya haɗa ta da Makka. Lissafin Tamale, idan aka fara daga 1903, ya riga ya wuce haka.