Shekarar da Golden Stars ta yi wasan gida a Kaduna

Duk lokacin da zancen ƙwallo ya taso a Dutse, sai ka ji ana ta Arsenal da Madrid, kamar mu ba mu taɓa samun ƙungiya a babbar gasar ƙasar nan ba. To mun samu, kuma ba da daɗewa ba. Bari in tuna mana kakar 2020/21, wadda Jigawa Golden Stars ta faɗo daga gasar Firimiyar Najeriya, don matasa da yawa sun san ta faɗo amma ba su san yadda aka yi ba.

Ba wannan ne faɗuwar farko ba. A 2012, shekarar da maƙwabtanmu Kano Pillars suka ɗauki kofi, mu gangarawa muka yi zuwa gasa mai daraja ta biyu. Sai 2019 aka dawo, tare da Adamawa United da Warri Wolves da Akwa Starlets, wadda ta koma Dakkada. Zamanin Gwamna Badaru ne, shi ya sa 'yan jarida suka laƙaba wa yaran "Badaru Boys".

Kakar farko ba ta yi daɗi ba. Muna can ƙasan teburi annobar korona ta tsayar da gasa a watan Maris na 2020. Daga baya aka yanke cewa babu wadda za ta faɗi. Gaskiya dai korona ce ta cece mu, kuma watannin da aka yi a zaune dama ce ta gyara.

Da aka dawo a ƙarshen Disambar 2020, sai ga matsalar da har yau take ci mini tuwo a ƙwarya: ƙungiyar Jigawa ba ta buga wasanninta na gida a Jigawa. Masu gudanar da gasa suna da sharuɗɗan fili, namu bai samu amincewa ba. Filin Sani Abacha na Kano, wanda shi ne kusa, an mayar da shi wurin killace masu korona, har ita Pillars ɗin sai da ta yi ƙaura. Sai aka koma filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, tafiyar sama da kilomita 300 daga Dutse.

Wanda ya san gasar Najeriya ya san ma'anar wannan. Ƙungiyoyi 20 ne, wasa 38, rabi a gida rabi a waje. Cin wasa a waje a ƙasar nan sai wanda Allah ya ba. Lissafin kowace ƙaramar ƙungiya shi ne ta kwashe makin gida, in ta samu canjaras biyu ko uku a waje ta gode Allah. To ina gidan? Yaro ya kwana a otal, ya buga a filin da bai saba ba, ba ɗan Shuwarin ko ɗan Kiyawa ko ɗaya da zai yi masa ihu, gobe a hau mota sai Uyo ko Fatakwal. Kowane wasa kuɗin mota ne da masauki da abinci, har wanda ake kira na gida. Su kuma hanyoyin ba lafiya ba: a Fabrairun 2021 'yan bindiga suka tare motar Adamawa United a hanyar Benin zuwa Ore.

Sai batun kuɗi. Yawancin ƙungiyoyin gasar na gwamnatocin jihohi ne, har da tamu. Mu ma'aikata mun san tafiyar takarda: a rubuta, a kai sama, a amince, sannan a jira sakin kuɗi. Jadawalin wasa kuwa ba ya jiran fayil. Wasu na cewa ai Jigawa tana da buƙatun da suka fi ƙwallo, ga asibiti ga makaranta ga ambaliya duk damina. Ban ƙi ba. Amma in haka ne, a ganina gara a faɗa a fili, da a riƙe ƙungiya a babbar gasa babu filin da za ta kira nata.

A watan Agustan 2021 aka rufe gasa. Akwa United ta ɗauki kofinta na farko a ƙarƙashin Kennedy Boboye. Huɗu suka faɗi: mu, da Adamawa United, da Warri Wolves, da Ifeanyi Ubah. Ku lura fa, uku daga cikin huɗun da suka hau tare a 2019 suka sauko tare. Dakkada kaɗai ta tsira a lokacin.

Shekara ɗaya bayan nan, a 2022, Pillars da Katsina United su ma suka faɗo, duk da kofuna huɗun Pillars ɗin. Amma a 2023 dukansu biyu suka koma sama tare da Heartland da Sporting Lagos. Sunan Jigawa bai cikin jerin.